Araha Ba Ta Ado: Yadda Katafilar Kawu Ta Tsage Mana A Bakin Dam

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan shafi namu na Hausa domin in ba da labarin abin da ya same mu a garinmu a ranin 2024. Ni dai ba makanike ba ne, malamin makarantar firamare ne, alli da allo su ne kayan aikina. Amma Allah ya ƙaddara na yi makonni ina kwana ina tashi da maganar wani guntun ƙarfe, har na kusa rasa mutuncina a kansa. Na ga ya kamata in rubuta, ko wani zango ya amfana.

Garinmu ƙarami ne, yana gabas da Tamale. Dagomba su ne masu gari, mu 'yan Zango muna gefe ɗaya tun zamanin kakanninmu fatake, ga kuma Fulani da shanunsu a bayan gari. Duk wanda ya san arewacin Ghana ya san damina ɗaya ce tak a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, sauran watannin kuwa sai hunturu da zafi. Ƙarƙashin ƙasarmu kuma yana da rowar ruwa, sau da yawa a haƙa rijiyar burtsatse a tashi a tutar babu. Saboda haka rayuwar gari ta rataya ne a kan dam, wato babban tafkin da aka haƙa aka yi masa ganuwar ƙasa don ya tare ruwan sama.

Shekara da shekaru laka da rairayi suna ta gangarawa cikin dam ɗin nan har ya cike, ya zama kamar faranti. Da can yakan kai mu watan Maris, amma sai ga shi tun Disamba ya ƙafe. Ni a aji nake ganin abin. Da zarar dam ya ƙafe, rajistata takan cika da jan biro a gefen 'yan mata, don suna can da jarkoki tun asuba wajen wani rafi mai nisa. Wadda ta zo ma, gyangyaɗi za ta yi ta yi. Ni kuma ina da tabo a idon sawuna na dama, na kurkunu, tun ina ɗan aji uku. A 1989 an ƙirga masu kurkunu kusan 180,000 a ƙasar nan. Alhamdu lillahi, tun 2010 ba a sake samun mai ita ba, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta rabu da cutar. To amma wanda ya taɓa kwanciya wata biyu ana naɗe tsutsa a jikin tsinke, ba ya wasa da maganar ruwa.

Da abin ya ishe mu, sai Sarkin gari da Sarkin Zango da Arɗon Fulani suka zauna, aka kafa kwamiti, aka yanka wa kowane gida abin da zai bayar. Mata masu koko da ƙosai suka kawo nasu, Fulani suka sayar da bijimi, 'yan'uwanmu na Kumasi da Ankara suka aiko ta waya. Aka ce ni ne ma'aji, tunda na iya lissafi da rubutu. Kawuna kuma, ƙanin mahaifiyata, yana da wata tsohuwar katafila ƙarama da ya saya hannun wani ɗan kwangilar hanya. Ya ce ya yafe kuɗin haya, a zuba mata mai, a biya direba, in kuma ta lalace a kan aikin, kwamiti ya gyara. Kowa ya sa masa albarka. Kun ga ke nan katafila ta ɗan Zango ce, jakar kuɗi ma tana hannun ɗan Zango. In aiki ya yi kyau, na gari ne duka, in ya ɓaci kuwa, an san ƙofar da za a nuna.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai taɓa leƙa cikinta ba. Mu Hausawa duk motar da ke tafiya a kan sarƙa katafila muke ce mata, ko wane kamfani ya ƙera ta. Sunan ya samo asali ne daga Amurka, inda wani mai suna Benjamin Holt ya gwada tarakta mai sarƙa a 1904 a jihar Kalifoniya, daga baya a 1925 kamfaninsa ya haɗe da na C. L. Best suka zama Caterpillar. Hikimar sarƙar ita ce tana baza nauyin motar a kan ƙasa mai faɗi, shi ya sa take shiga taɓon da babbar mota za ta kafe. A irin ƙaramar da Kawu yake da ita, injin yana zaune ne a kan waɗansu dogayen ƙarafa biyu masu kauri, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta baya an ɗaure su da manyan kusoshi masu zare a jikin gidan giya, ta gaba kuma suna riƙe da lagireto. Makanikai firam suke ce musu. Ni kuwa da na gan su sai na tuna da azarar soro, don aikinsu ɗaya ne, wato ɗaukar nauyin da ke bisansu ba tare da kowa ya kula da su ba. Saboda haka azara zan riƙa cewa a wannan rubutu.

Aka fara aiki a farkon Fabrairu. Kwana huɗu kome lafiya, yara suna ta tururuwa kallo. Ran na biyar da la'asar sai direban, wanda tsohon ɗalibina ne, ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Ya nuna mini azarar hagu, daidai inda aka ɗaure ta da gidan giya. Ga wani siririn layi kamar gashi ya taso daga ramin kusa, gefensa kuma da jar ƙura kamar garin barkono. Ya ce, "Malam, tun jiya nake jin jijjigar ta sake. Ni dai da za a bi tawa, a tsaya a kira babban makanike daga Tamale."

A nan ne na yi kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami. Na buɗe littafin kuɗi a zuciyata, na ga in aka kira makanike daga Tamale, kuɗin motarsa da na aikinsa kaɗai za su cinye man kwana uku. Ga shi muna da mai walda a bakin kasuwa, wanda yake yi mana ƙofofi da tagogi, ya ce kafin magariba ya gama, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Kawu ya ce, "Ɗan nan, anya? Ƙofa daban, katafila daban." Na ce, "Kawu, ai ƙarfe ƙarfe ne. Kuɗin marayu da zawarawa ne a hannuna, ba zan watsar ba." Da yake ni ake kira Malam, sai aka bi maganata. Mai walda ya jawo janareta, ya shafa walda a kan layin nan daga sama, ya kwara ruwa don ta huce da wuri, har ya shafa fenti. Ban ga laifinsa ba, abin da ya iya ke nan, kuma ni na kira shi.

Kwana tara ta yi. Ran na goma da hantsi ina cikin aji sai ga yaro a guje, wai in zo bakin dam. Na tarar da katafila tsaye, ruwa yana tsiyaya daga gabanta. Azarar ta tsage gaba ɗaya, dab da gefen waldar. Injin ya zauna ta ɓangare ɗaya, fanka ta sari lagireto, mahaɗin da ke kai ƙarfin injin zuwa giya shi ma ya ci. Direba bai ce mini kome ba, sunkuyar da kai kawai ya yi. Wallahi da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Washegari muka ɗauko makaniken da aka ce tun farko. Dattijo ne, ba Bahaushe ba, amma Hausa a bakinsa kamar ɗan Zango, kowa Masta yake ce masa. Ya zagaya motar sau biyu bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ticha, kana da alli?" Na yi tsammanin ba'a yake yi mini. Ya sa yaransa suka kankare fenti da datti, suka jiƙa ƙarfen da kananzir, aka bar shi ya tsuma, aka goge shi tas. Sannan ya daka allin da na kawo, ya dama, ya shafa, muka zauna jiran ya bushe. Jim kaɗan sai ga waɗansu layuka suna fitowa a kan farin allin, kamar jijiyar ganye. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar ne yake dawowa yana ɓata allin. Ashe ban da inda ta rabu, tsagar ta yi rassa har uku, kuma a ƙarƙashin tsohon fenti akwai wata waldar da wani ya yi tun kafin Kawu ya saya. Shekara ashirin ina riƙe da alli, ban san yana tona asirin ƙarfe ba sai ran nan.

Masta ya ɗauki guntuwar waya ya miƙo mini, ya ce in tsinka da hannu. Na ja, ta ƙi. Ya ce in riƙa lanƙwasa ta gaba da baya. Kafin in ƙirga ashirin ta karye. Ya ce, "To ka gani, Ticha, ƙarfe ma yana gajiya. Ba nauyin rana ɗaya ke karya shi ba, motsi ne kaɗan-kaɗan sau dubu dubai." Ya nuna mini kusoshin baya, ashe sun saki tun tuni, jar ƙurar nan da muka gani tsatsa ce da ƙarfe biyu ke fitarwa in suna gugar juna. Ya kuma nuna wani ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin motar, wanda ke ɗora nauyin gabanta a kan sarƙoƙin biyu, mazauninsa ya cinye, saboda haka duk dutsen da aka taka, bugun a jikin azara yake ƙarewa. Lalle sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na tambaye shi ko walda ba ta da amfani ke nan sam. Ya ce tana da shi, in an yi ta a kan ƙa'ida kuma da wuri. Da tun ran farko ne, sai a nemo ƙarshen tsagar a huda ɗan rami don kada ta ci gaba, a fafe ta har ƙasa ta zama kamar kwari, a ɗumama ƙarfen, a cike da sandar walda irin mai lamba 7018 wadda aka adana ba ta sha danshi ba, a bi layi bayan layi, a rufe a bar shi ya huce a hankali. In za a ƙara faci, a yanka shi mai tsini ta gefe biyu, kada a yi walda a gicciye. Kwara ruwa a kan walda mai zafi kuwa, ya ce, yana sa gefenta ya yi tauri ya riƙa karyewa kamar kwalba. Amma yanzu da ta rabu, ta yi rassa, ramukan kusa suka buɗe, ga walda kan walda, babu sauran magani sai a sake azarar ɗungum.

Daren nan ban runtsa ba. Da safe aka taru a ƙofar Sarkin gari, har na fara jin ƙus-ƙus cewa 'yan Zango sun kawo ruɓaɓɓiyar mota don su ci kuɗin jama'a. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, motar tsohuwa ce, gaskiya ne, amma yaron nan ya faɗa mini a kira makanike, Kawu ma ya faɗa, ni na hana. Ga littafi, ga rasit, ko kwabo bai ɓata ba, amma asarar nan ni na jawo ta." Na ce zan sa albashina na wata ɗaya a ciki. Wuri ya yi tsit. Sai Arɗo ya ce wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa ya rage wa alƙali aiki, shi zai ƙara tunkiya biyu. Daga nan aka sake zagayawa da ƙoƙo. Abin da aka kashe a ƙarshe ya ninka abin da na yi ƙyashin biya sau da yawa.

Da yake hutun ƙarshen mako ne, ni da Masta muka hau motar dare zuwa Kumasi, tafiyar kusan kilomita 380, ta Yapei da Buipe inda ake haye Farar Volta da Baƙar Volta, sannan Kintampo da Techiman. Kafin mu tashi na samo babban kwali daga makaranta, muka ɗora a jikin tsohuwar azarar, muka zana kowane rami, muka rubuta tsawo da kauri da lambar motar. Masta ya ce ta hagu da ta dama ba ɗaya ba ne, kuma ko iri ɗaya ne, ƙirar wata shekara takan bambanta da ta wata.

Wanda bai taɓa shiga Suame Magazin ba, ba zai gane ba. Gari ne guda na ƙarfe, dubban makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyara, ko'ina ƙarar guduma. Sunan ma ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, inda masu sana'ar suka fara taruwa. Wani ɗan'uwa daga Zangon Kumasi ya yi mana jagora zuwa wajen masu farfasa tsofaffin katafiloli. Azarar farko da aka kawo mana tana ta ƙyalli da sabon fenti. Masta ya dube ni ya ce, "Ticha, allinka." Muka kankare, muka gwada, sai ga layi ya fito daidai inda tamu ta fara. Ta biyu ramukanta ba su hau kwalinmu ba. Ta uku mummuna ce, duk tsatsa da busasshen giris, amma alli ya fito fari fat, muka ja zare daga kai zuwa kai muka ga ba ta karkace ba, ramuka kuma suka zauna daidai. Ita muka saya, tare da mahaɗi, da kayan gyaran ƙarfen gicciye, da sababbin kusoshi. Masta ya ƙi karɓar kowace kusa sai mai 'yan layuka shida a kanta, ya ce alamar ƙarfinta ke nan.

Aikin sauyawa ya ci kwana biyar, ga shi azumi ya kama a cikin watan Maris, ga zafin da kowa ya sani. Tun da motar ba ta iya motsi, a inda ta tsaya aka daidaita ƙasa aka shimfiɗa katakai masu kauri. Aka sauke garmar gaba har ƙasa, aka cire wayoyin batir, aka motsa sandunan haidurolik don matsin man ya fita, aka juye sauran ruwan lagireto. Aka cire murfi da lagireto, aka ba da shi gyara. Kowane tiyo da kowace waya da aka kwance, sai na ɗaura mata 'yar takarda mai lamba na rubuta a littafi, wannan shi ne aikina. Farantin da ke ƙarƙashin ciki kuwa, da jak aka tare shi kafin a kwance, don ƙasa da baƙin mai sun cika shi, nauyinsa ya isa ya kashe mutum.

Sannan aka kafa ƙarafa uku kamar murhu, aka rataya sarƙar ɗaga kaya, aka ɗaga injin kaɗan har nauyinsa ya bar azara, aka cusa gumagumai a ƙarƙashinsa da ƙarƙashin gaban motar. Wani yaron Masta ya zura kai zai shiga tun ba a gama sa gumagumai ba. Ban taɓa jin tsawa irin wadda dattijon nan ya daka masa ba. Ya ce, "Jak da sarƙa ɗagawa suke yi, ba su riƙewa. Uwarka na Bolga tana jiranka!" Kusoshi biyu suka karye a cikin gidan giya, aka ɗora noti a kan guntun aka yi masa walda, zafin ya sassauta tsatsar, aka juyo su a hankali. Wannan kaɗai ya ci yini guda.

Da tsohuwar ta fita, aka share zaren ramukan, aka goge fuskokin da za su haɗu har suna sheƙi, ba fenti ba datti, don in wani abu ya rage a tsakani, zai murƙushe daga baya kusa ta saki. Aka gwada azarar dama da alli, Allah ya taimake mu lafiyarta lau. Aka sa sabuwar, aka ɗaura dukan kusoshi da hannu tukuna ba a matse ko ɗaya ba, sai da kowace ta shiga, sannan aka bi su bi da bi da sufana mai awo, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Aka sauke injin, aka duba saitinsa da giya, don in ya kauce ko kaɗan sabon mahaɗin ba zai daɗe ba. Aka gyara ƙarfen gicciye, wanda shi ne tushen ciwon. Daga ƙarshe Masta ya ja layin farin fenti daga kan kowace kusa zuwa jikin azara, ya ce wa direba kowace safiya ya duba, in layi ya rabu, kusa ta juya. Ya ce a sake matse su bayan aikin yini ɗaya, a kuma sake bayan mako.

Ran da ta tashi, mata har guɗa suka yi. Amma kada in ɓoye muku, ba mu gama aikin ba. Makonnin da muka rasa da kuɗin man da ya tafi gyara sun sa wajen kashi biyu cikin uku na abin da muka yi niyya kawai aka kwashe kafin ruwan farko ya sauka. A ranin da ya biyo baya dam ya kai mu ƙarshen Fabrairu, ya fi da, amma bai kai Maris ba. Makonnin nan da 'yan matan ajina suka koma ɗaukar jarka, na san da hannuna a ciki, kuma nakan tuna duk lokacin da na buɗe rajista.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa a zangunanmu, musamman waɗanda aka ɗora wa amanar kuɗin masallaci ko na makaranta ko na ƙungiya. Tsumulmula ba ita ce riƙon amana ba. In mai sana'a ya faɗi magana a kan sana'arsa, a saurare shi, ko da yaron da ka koya wa baƙaƙe ne. Masu tarakta da injin niƙa da manyan motoci kuma, ku riƙa wanke ƙarfenku kuna duba shi, in kun ga jar ƙura a gindin kusa ku tsaya a ranar, kada ku ce sai an gama aiki. Tsohuwar azarar tana nan a bayan ajinmu, da ita nake koya wa 'yan aji shida darasin ƙarfe, kuma ba na ɓoye musu wanda ya jawo ta karye.

Kwamiti ya ce za a sake tara kuɗi don a ƙarasa sauran, kuma sun ƙi karɓar littafin daga hannuna. Wanda Allah ya hore wa, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya saka wa Kawu da Masta da alheri, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.